Abin da Na Je Nema Wurin Kubrick

Stanley Kubrick ya mutu ranar 7 ga Maris, 1999, a gidansa na Childwickbury da ke arewa da Landan, ya bar fina-finai 13 da kwalaye sama da 1,000. Fina-finan duniya ta san su. Kwalayen kuwa sai bayan ransa aka buɗe, aka tarar da hotunan ƙofofin gidaje da na tituna, da wasiƙun masu kallo an ware su gari-gari, da tarin takardun binciken fina-finan da bai ma kai ga yi ba. Wani ɗan jarida, Jon Ronson, ya yi shiri a kansu a 2008, kuma a cikinsa ne na ji cewa su kansu kwalayen yi na musamman aka yi masa, domin murfin na kasuwa bai kwanta masa ba. Yana son murfin da ba zai yi tauri wajen buɗewa ba, ba kuma zai yi sako-sako ba.

Daga irin waɗannan labarai maganar ta samo tushe, wai Kubrick yana cikin masu otizim, larurar nan da gidajen rediyonmu ke kira galahanga. Masu faɗa ba su rasa abin nunawa ba. Mutum ne da ya cika durowa da dubban katuna a kan Napoliyon, inda yake a rana kaza da wanda ya gana da shi, don fim ɗin da har ya koma ga Mahaliccinsa bai yi ba. Yakan sa ɗan wasa ya yi ta maimaita sin ɗaya har ya gaji da ƙirga, kuma sau da yawa ba zai gaya masa abin da ya ɓata ba. Fim ɗinsa na ƙarshe, Eyes Wide Shut, ya shiga littafin Guinness saboda kwana 400 da aka yi ana ɗaukarsa. Ba ya son hawa jirgin sama, har ta kai da zai yi Full Metal Jacket, labarin yaƙin Biyetnam, a wata tsohuwar masana'antar gas ta gabashin Landan ya kafa garin, aka kawo masa itatuwa daga Sifaniya aka dasa. Fuskarsa ta ɓace wa jama'a har wani ɗan damfara, Alan Conway, ya daɗe yana yawo da sunansa ana karrama shi, alhali ko kama ba su yi. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Ailan, Michael Fitzgerald, wanda ya yi suna wajen bin tarihin shahararrun da suka shuɗe yana danganta musu wannan larura, ya saka Kubrick a cikin jerinsa.

Na daɗe ina cikin masu yarda da wannan magana. Yarda ma kaɗan ce: ina son ta zama gaskiya, so mai tsanani, kuma dalilin yana cikin ɗakina.

Ni edita ne. A wani ɗan ofis kusa da titin Gidan Zoo a Kano nake aiki. Bidiyon biki ke ciyar da gidana, fim kuma idan ya samu. Tun ina yaron wani na san sunan Kubrick, ranar da maigidana a sana'a ya kunna mana Barry Lyndon na 1975, ya tsayar da hoton a wani sin na cikin ɗaki, ya ce mu nuna masa inda fitilar take. Muka duba, muka rasa. Kyandir ne kawai. Kubrick ya samo gilasan kyamara na kamfanin Zeiss, irin waɗanda aka ƙera wa hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ya sa aka gyara kyamara ta karɓe su, don ya ɗauki fuskar mutum da hasken kyandir kaɗai. Mu da muke fama da fitila ɗaya da janareta mai tari a lokeshin, sai muka yi tsit. Tun daga ranar nake girmama mutumin.

Ɗana na fari ya zo lafiyayye, kyakkyawa, mai nauyi. Ya zauna a kan lokaci, ya yi rarrafe, ya tashi. Abin da bai zo ba shi ne magana, da kuma waiwaye. Sai ka tsaya a bayansa ka yi ta kiran sunansa, ko gezau, amma a buɗe ledar biskit a ɗaya ɗakin, yanzu za ka gan shi. Fanka ita ce abokiyarsa: zai kwanta rigingine a ƙarƙashinta yana kaɗa hannaye, idan aka ɗauke wuta ta tsaya, ya fashe da kuka mai ban tausayi. Yana tara murafun kwalabe, ya jera su daga ƙofar ɗaki zuwa bakin rariya, jajaye a jere, korayen a jere, haƙoran kowanne suna kallon sama. Idan ƙafar wani ta goce ɗaya, ba gyara wannan ɗin zai yi ba, kwashe su zai yi gaba ɗaya ya faro daga farko. Ƙarar injin markaɗen maƙwabta kuwa, da ya ji an tayar, zai toshe kunnuwa ya shige bayan ƙofa.

Hajiya, mahaifiyata, ta ce a bar mata maigidanta, nauyin baki ne, a danginmu akwai wanda sai da ya shekara 5 ya yi magana. Wata gwaggo ta ce iska ce, tun da an saba fita da shi da magariba. Mun yi tofi, mun yi rubutu, mun kai shi ruƙya, kuma ba na jin kunyar faɗa, domin duk uban da ya ga ɗansa a haka zai ƙwanƙwasa duk ƙofar da aka nuna masa. Addu'a har gobe muna yi. Yana da shekara 4 muka dangana da wata likitar yara a wani babban asibiti.

Yadda ta yi aikinta shi ne abin da ya kamata ya fara wayar mini da kai game da Kubrick, amma a lokacin hankalina bai kai nan ba. Ba ranar farko ta ce komai ba. Ta tura mu a auna jinsa. Ta zauna a ƙasa tare da shi, ta hura kumfar sabulu, ba kumfar take kallo ba, idonsa take kallo, ko zai juyo ya dubi uwarsa ya nuna mata abin da ya burge shi. Ta miƙa masa 'yar tsana da cokali ta ga ko zai yi kamar yana ba ta abinci. Shi kuwa ya juya cokalin yana murza shi a tafin hannu. Sannan ta juya kan matata da tambayoyin da ni ban da amsarsu. Yana jariri, idan kika yi masa murmushi yana mayarwa? Ya taɓa nuna abu da yatsa don ki gani, ba don ki ba shi ba? Idan yana son ruwa, kallonki yake yi, ko hannunki yake ja ya ɗora a kan randa? Matata ta amsa su ɗaya bayan ɗaya, har da watan da kowane abu ya faru. Sai bayan an yi ta kai da kawo likitar ta ce mana otizim ne. Ta ce ba laifin renon kowa ba ne, ba kuma a sha magani ya tafi, amma yaro yana koyo idan aka bi da shi ta hanyar da ta dace da shi. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasin kusan yaro 1 cikin 100 ke da ita, kuma kowanne da irin tasa: wani zai yi digiri, wani har tsufansa sai an taya shi wanka.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ta hana ni barci. Rabin farkonta na riƙe, na biyun na ƙi kallo.

A unguwa, duk wanda muka gaya wa, abu ɗaya yake kawowa: ai irin na Shah Rukh Khan ne. My Name Is Khan na Karan Johar, wanda ya fito a 2010, shi ne kaɗai ilmin yawancinmu a kan larurar, inda ya fito a matsayin mutum mai tsoron launin ɗorawa, mai iya gyara duk wani inji, mai zuciyar zinariya, wanda har ya yi aure ya ratsa Amurka. Suna faɗa ne don su sanyaya mini rai, kuma yana sanyaya. Amma ni na fi su zurfi a harkar fim, don haka na wuce Khan, na tafi wurin Kubrick. Idan kowa ya kwanta sai in ɗauki waya in yi ta karatu. Duk abin da na gani a tarihinsa sai in ɗauko in gwada a jikin ɗana. Kubrick bai yi ƙoƙari a makaranta ba, sakamakonsa bai kai shi jami'a ba: to ga shi. Yana da shekara 16 ya sayar wa mujallar Look hoton wani mai sayar da jarida cikin jimamin mutuwar Shugaba Roosevelt a 1945: ashe baiwar a ido take fara fitowa, ɗana kuwa ai ido gare shi. Ya yi ta buga wasan dara na Turawa don kuɗi a wani dandali na birnin Niyok. Ya tara kwalaye. Ɗana na tara murafu. A raina har na gama haɗa fim ɗin.

Abin da ke ƙarƙashin wannan duka ba shi da daɗin faɗa, amma shi ya sa na zauna rubutu. Diyya nake nema. Na ji kamar an karɓe mini wani abu, ɗan da zai ce mini Abba, ya bi ni masallaci, ya yi faɗa da 'yan unguwa in je rabo, kuma ina son a biya ni da wani abu mai girma daidai da abin da aka karɓa. Idan Kubrick yana da ita, to akwai yiwuwar shirun ɗana ajiya ce, wata rana za a buɗe a ga dukiya. Ban taɓa furta haka ba ko a zuci da waɗannan kalmomi. Na dai ga kaina na sayo masa ƙaramar kyamara, na sayo allon dara, ina zuba masa ashana a ƙasa in ga ko zai ƙirga su da kallo ɗaya kamar yadda Dustin Hoffman ya yi da tsinken sakace a Rain Man na 1988. Kyamarar, madaurinta ya so, yana kaɗa shi a gaban idonsa. 'Ya'yan darar ya haɗa su da murafunsa. Ashanar kuwa ya taka ya wuce.

Wani dare na nuna wa matata hoton kwalayen a waya, ina ta bayani da zumuɗi. Ta saurara har na gama, tana ninke kayan yaron. Sai ta ce, "Malam, shi wannan Baturen da kake faɗa, wa ya tambayi uwarsa?" Na ce ban gane ba. Ta ce, "Ni sai da likita ta tambaye ni watan da ya fara murmushi kafin ta yarda ta ce wani abu. Shi wa ya tambayi tasa?" Ta ɗora rigar a kan sauran, ta ƙara da cewa gobe in taimaka in tsaya da shi a banɗaki da safe, domin ita bayanta ya gaji, kuma malamar da ke koya mana yadda za mu bi da shi ta ce sai an riƙa yi a lokaci ɗaya kullum.

Tambayarta ta fi duk abin da na karanta nauyi, kuma tana da amsa. Babu wanda ya tambaya, ba kuma yadda za a yi a tambaya. An haifi Kubrick a 1928. Yana da kusan shekara 15 Leo Kanner, likita a Baltimore, ya bayyana larurar a rubuce a 1943, bayan ya nazarci yara 11. Hans Asperger ya yi nasa rubutun a Ostiriya a 1944, da Jamusanci, ana tsakiyar yaƙi, kuma bai yaɗu a ƙasashen masu Turanci ba sai da Lorna Wing, likita 'yar Ingila wadda ita ma uwa ce ga yarinya mai otizim, ta farfaɗo da shi a 1981. A lokacin Kubrick ya haura 50, ya riga ya yi The Shining. Maganar larurar ba daga bakinsa ta fito ba. Bayan mutuwarsa ta yi ƙarfi, a bakin waɗanda suka san shi ta littafi da jarida.

Ni ya kamata in fi kowa gane yadda ake yin irin wannan, domin shi ne abincina. A kawo mini bidiyon bikin da dangin ango da na amarya suka kusa ba hammata iska, in zauna in yanke harara, in yanke wadda ta juya baya, in jera murmushi da rungume-rungume, in ɗora kiɗa, kowa ya kalla ya ce kai, wannan gida akwai zumunci. Ban ƙirƙiri hoto ko ɗaya ba, duk an ɗauke su da gaske. Zaɓe kawai na yi. Haka aka yi wa Kubrick, haka ni ma na yi masa. Da na koma kan abin da na yanke na zubar, sai ga wani mutum daban. Ga Christiane, wadda ya haɗu da ita a wurin ɗaukar Paths of Glory a 1957, suka yi aure a 1958, suka zauna fiye da shekara 40 har mutuwa ta raba, da 'ya'ya mata 3 a gida da karnuka da kyanwoyi. Ga Michael Herr, marubucin da suka yi Full Metal Jacket tare, wanda ya ba da labarin yadda Kubrick ke kiran waya a yi awoyi ana hira da barkwanci, daga siyasa zuwa tarihi zuwa gulmar 'yan fim. Ga direbansa, Emilio D'Alessandro, da ya yi kusan shekara 30 tare da shi. Ɓuyan da ake faɗa ma yana da wani dalili a fili: bayan fitowar A Clockwork Orange a 1971, jaridun Birtaniya suka ɗora masa alhakin wasu laifuffukan matasa, aka riƙa aiko wa iyalinsa barazana, har ya janye fim ɗin daga ƙasar, bai koma sinimominta ba sai a 2000. Magidancin da aka yi wa iyalinsa barazanar kisa, idan ya ja ƙofarsa ya rufe, ba sai an nemo masa larura ba.

Kada a ɗauka ina cewa wannan ya tabbatar ba shi da ita. Masu otizim suna aure, suna son 'ya'yansu, wasunsu suna da hira da ban dariya. Abin da nake cewa shi ne, da kayan da ake da su a hannu, ana iya haɗa fim ɗin ta kowace fuska, kuma duk wanda ya haɗa, bukatarsa ce za ta fito a ciki. Steven Spielberg, abokin wayar Kubrick wanda ya ƙarasa masa A.I. a 2001, shi ma an daɗe ana saka sunansa a irin wannan jeri. Da ya buɗe baki da kansa a 2012, abin da ya ce likitoci sun gano masa daban ne: larurar wahalar karatu, wadda ke sa haruffa su riƙa rikice wa mutum, kuma sai da ya kai kusan shekara 60 aka gane. Shi yana raye, ya faɗi nasa. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun koyi wannan darasi da tsada. A 1964 wata mujalla mai suna Fact ta tambaye su ko Barry Goldwater, ɗan takarar shugaban ƙasa, yana da lafiyar hankalin da zai yi mulki; sama da 1,000 suka ce ba shi da ita, ba tare da ɗayansu ya taɓa duba shi ba. Ya kai mujallar ƙara ya yi nasara. A 1973 ƙungiyarsu ta kafa ƙa'ida cewa likita ba zai yanke wa sanannen mutum hukuncin larura ba sai ya duba shi da kansa kuma an ba shi izinin magana. Idan an hana mai ilmin abin, ina ga edita da waya a hannu da tsakar dare.

Akwai wani ɓangare na wannan hasashe da ya fi ɓata mini rai yanzu, wanda a da nake tsallakewa. A wurin ɗaukar The Shining, Kubrick ya matsa wa Shelley Duvall matsi mai tsanani. 'Yarsa Vivian ta ɗauki bayan fage, ana ganin yadda yake yi mata magana a gaban ma'aikata, ita kuma a galabaice. Masu hasashen sukan kawo wannan a matsayin hujja: ai ba ya jin abin da mutane ke ji, alamar larurar ke nan. Wannan magana ƙazafi ce ga ɗana. Yaron da ba ya iya cewa sannu, amma ranar da ƙanwarsa ta faɗi ta fasa leɓe, ya rikice ya fi ta kuka, ya je ya kwaso murafunsa jajaye, waɗanda ko ni ba ya bari in taɓa, ya zube mata a cinya. Idan darakta ya takura wa 'yar wasa, darakta ne mai iko ya zaɓi ya yi haka don ya sami abin da yake so a hoto, kuma mu da ke cikin sana'ar mun san ana yi, daga Landan har Kano. A tuhume shi a matsayin mai iko, ko a kare shi a matsayin mai sana'a. Amma kada a ɗauki taurin zuciyar babban mutum a rataya wa yaran da ba su da bakin kare kansu.

Shi ma Rain Man ɗin da na yi ta gwada ɗana da shi, mutumin da ya zaburar da labarin, Kim Peek, daga baya an gane ba otizim gare shi ba. An haife shi ne babu jijiyoyin da ke haɗa ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu. Irin wannan baiwa ta ban mamaki 'yan kaɗan ne ke da ita a cikin masu larurar. Mafi yawansu yara ne kamar nawa, masu abin da suke so da abin da ke firgita su, masu bukatar a koya musu sa takalmi.

Jarrabawa mafi wuya ta zo mini ta wajen mahaifina, Allah ya jiƙansa. Likitar ta taɓa ce mana gado yana da hannu sosai a larurar, sai na tsinci kaina ina waiwayen Baba. Tela ne. Ba ya zuwa taron suna ko ɗaurin aure sai ya zama dole, idan ya je ma yana gefe. Zarensa a jere yake bisa launi, almakashinsa wuri ɗaya yake ajiye shi, kuma abincinsa na dare tuwon dawa ne da miyar kuka, shekara da shekaru, ba ya son a sauya. Na ɗauki waɗannan na kai wa Hajiya, ina lalube. Ta dube ni ta ce, "Kai, mahaifinka maraya ya tashi a hannun kishiyar uwa. Wanda ya tashi a haka ba ya sakin jiki a taro." Ta san abin da ban sani ba, kuma ko ita wani yanki ta riƙe. Mutumin da na tashi a gabansa, na ci a kwano ɗaya da shi, na wanke gawarsa, na ga bai halatta in liƙa masa suna yana kabari ba. Daga nan na saki Kubrick.

Ba na zargin wanda ke wannan hasashe don neman sanyi. Akwai manya masu otizim da suka tashi ana ce musu wawaye ko masu girman kai, idan suka ga wani shahararre mai hali irin nasu sai su ji su ma mutane ne. Wannan bukata ce ta gaskiya, kuma na san zafinta. Sai dai akwai waɗanda suka faɗi nasu da bakinsu, kamar Temple Grandin, malamar jami'a a Amurka masaniyar dabbobi, wadda ta yi rubutu mai yawa a kan yadda take ganin duniya. Su ya kamata a je wa. Ni kuwa wanda ya fi yi mini amfani ba shahararre ba ne ta wannan fuska. Donald Triplett shi ne yaro na farko a cikin 11 na Kanner. An haife shi a 1933 a wani ƙaramin gari, Forest, a jihar Misisipi. Yana ƙarami aka kai shi gidan ajiye yara, bayan kusan shekara guda iyayensa suka je suka ɗauko abinsu. Ya yi karatu, ya yi aiki a bankin danginsu shekaru masu yawa, ya koyi tuƙi, yana buga wasan golf, ya yi tafiye-tafiye, mutanen garin kuma suka riƙe shi a matsayin nasu. Ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Gidansu masu hali ne, wannan ba a ɓoye yake ba, kuma ba kowane yaro zai kai inda ya kai ba. Amma abin da ya riƙe rayuwarsa, iyayen da suka ƙi barinsa da garin da ya saba da shi, abu ne da za a iya nema a Kano.

Shi na koma nema. Wata makarantar Islamiyya ta mayar mana da yaron, suka ce yana raba hankalin yara. Wata ta karɓe shi, malamin ya yarda ya zauna kusa da ƙofa, ya fita idan hayaniya ta yi masa yawa. Mai askin unguwarmu ya ajiye inji ya koma almakashi saboda shi, yana yi masa da sassafe kafin layi ya taru. Maƙwabciyarmu mai markaɗe takan aiko yarinya ta ce za a tayar da inji, mu sa masa abin toshe kunne. Yanzu yana da shekara 9. Yana da kalmomi, ba su da yawa, yawancinsu na abinci ne, kuma yana shiga banɗaki shi kaɗai, abin da ya ci mana lokaci da haƙuri fiye da duk wani fim da na taɓa haɗawa. Yana ce mini Abba, wani lokaci yana kallona, wani lokaci yana kallon fanka.

Rabin jimlar likitar da na ƙi kallo, yanzu na kalle shi. Mai yiwuwa ɗana zai bukaci mai tsaya masa har ƙarshen rayuwarsa, kuma ni da uwarsa ba mu da tabbacin za mu riga shi ko zai riga mu. Ba na son in ɗora wa ƙanwarsa wannan kaya ita kaɗai tun tana 'yar firamare. Na je na sami yayana a shagonsa bayan la'asar, na ce, "Yaya, magana ce a kan yaron nan, idan ta Allah ta kasance." Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce ɗansa ne, ba sai an roƙe shi ba, amma riƙon irin wannan yaro ba a fara shi ranar zaman makoki. Ya ce in riƙa kawo shi gidansa duk Juma'a bayan masallaci, ya saba da ɗakunan da mutanen gidan, su ma su koyi abin da yake ci da abin da ke tayar masa da hankali, tun muna nan muna nuna musu. Mun kuma yi maganar filina na bayan gari, yadda za a rubuta shi da shaidu don amfanin yaron.

Da muka fara zuwa, a zaure ya toge, ya ƙi gaba ya ƙi baya, sai da matar Yaya ta kawo masa abincinsa nan. Yanzu kafin in gama kafe babur ya shige, ya zarce kicin ya buɗe musu firij, 'ya'yan Yaya na bin sa a guje suna ihu wai ya bar musu zoɓo.